Gyambon da ke ƙara faɗi duk ranar da aka kankare shi: korona ce ta jawo?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiyar da ke gidan nan. Hajiyarmu, shekarunta 63, ta dawo daga Umara da tari mai ƙarfi. Mun ɗauka irin tarin nan ne da kowa ke dawowa da shi, sai ga shi cikin kwana biyar numfashi ya gagara. Aka kwantar da ita, aka yi gwaji aka ce korona ce. Kwana 12 ta yi da robar oksijin a hanci, Allah ya tashi kafaɗarta muka koma gida.

Bayan kamar sati uku sai wani ɗan ƙurji ya fito mata a ƙwaurin hagu, daidai inda ta taɓa buguwa da ƙarfen gado. Kwana huɗu ya fashe ya zama miki. Yau wata biyu ke nan, ya kai faɗin tafin hannuna. Sau biyu ana kankare shi a asibiti, kuma wallahi duk kankarewar da aka yi sai a wayi gari ya fi jiya faɗi. Ta shanye maganin kashe ƙwayoyin cuta kala uku, ban da allurai. Ba ta da suga, sau uku ana aunawa. Zugin ba ya barinta ta runtsa, mace mai dauriya amma yanzu ko zani ya goge ta sai hawaye. Jiya an ce mu kawo ta ranar Litinin a shiga tiyata a yanke gefen gaba ɗaya. Tambayata: korona tana haifar da gyambo, ko dai wani abu ne daban muke ɗora mata laifinsa?

Baban_Sadik:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Alhaji_Na_Kwari:
Wai har yanzu ana maganar korona? Ni na ɗauka tun 2023 aka rufe wannan shafin. Ciwon huhu daban, ciwon ƙafa daban. Ina ruwan tari da ƙwauri? Gyambo ne kawai irin wanda muka taso muna gani, a samu mai wanke ciwo da ya iya hannunsa.

Sista_Rabi:
Alhaji, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage a ranar 5 ga Mayun 2023 dokar ta-ɓaci ce, cutar ba ta je ko'ina ba. Tana nan tana yawo kamar mura, tsofaffi da masu ciwo a jiki ne take kayarwa.

Ummu Hanan, ni aikin jinya nake yi, kuma na yi aiki a ɗakin masu korona a 2020 da 2021. Gyambon da muka fi gani a lokacin na kwanciya ne. Mutum ya daɗe a gado ba ya motsi, ƙashi ya danne fata, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu. A ƙugu yake fitowa, da dunduniya, da saman ɗuwawu. Waɗanda ake kifawa a kan ciki don huhu ya buɗe kuwa a goshi da haɓa da gwiwa muke ganin nasu. Shi ya sa ake juya majinyaci duk bayan awa biyu. Amma na Hajiya a ƙwauri yake, kuma sai da ta koma gida ta miƙe ya fito, saboda haka bai yi kama da wannan ba. Ina da tambaya: yaya bakin ciwon yake? Kuma inda aka sa mata allurar ƙarin ruwa a hannu, ya warke lafiya?

Maman_Walida:
Ki nemi zuma farar saƙa, ki wanke wurin da ruwan ɗumi da gishiri ki shafa safe da yamma. Kakarmu da shi ta warke bayan asibiti sun gaji. Wasu kuma garin bagaruwa suke barbaɗawa, yana busar da ciwo.

Ummu_Hanan:
Sista Rabi, kin tuna mini abin da ban kawo a raina ba. Inda aka sa allurar ruwa a bayan hannunta na dama shi ma ya yi ƙurji, ya fashe, yanzu akwai ɗan miki kamar faɗin kwabo. Mun ɗauka filasta ce ta ci mata fata. Bakin na ƙafar kuma ya yi duhu, kamar baƙi-baƙi da shuɗi-shuɗi, ya ɗan ɗaga, kuma idan ana wankewa sai ka ga ciwon ya yi rami ta ƙarƙashin fatar gefen.

Ɗan_Malam77:
'Yar'uwa, ciwon da magani uku suka kasa, aka auna ba suga, kuma ya tsallaka daga ƙafa zuwa hannu, ai ba sai an faɗa miki ba. A haɗa da addu'a da tofi. Mutum ya dawo daga Umara ido ya yi masa yawa.

Hajiya_Turai:
Addu'a kam ba a raba mumini da ita. Amma Ɗan Malam, kada a sa wa baiwar Allah zargin maƙwabta a zuciya tana fama da jinya. A bar masu ilimin abin su yi magana.

Likita_AB:
Salam. Na karanta tun daga sama. Ni likitan manya ne, fata ba fannina ba ce, kuma ba a gane ciwo ta waya, don haka ki ɗauki maganata a matsayin abin da za ki kai wa likitocinta.

Abubuwa huɗu kika faɗa da suka sa na gyara zama. Ciwon ya fara a matsayin ƙurji a inda aka bugu. Zafinsa ya fi girmansa. Bakinsa ya yi duhu kuma ya yi rami ta ƙasa. Na huɗun shi ne babba: duk lokacin da aka taɓa shi da wuƙa sai ya ƙaru, kuma wani ya fito a inda allura ta huda. Akwai wani ciwo da ke da wannan hali, sunansa fayodama gangirinosam, a takarda za ki ga an rubuta PG. Wasu likitoci uku a asibitin Mayo da ke Amurka ne suka raɗa masa sunan a 1930, suna zaton ƙwayar cuta ce ke cin naman. Daga baya aka gano ba haka ba ne, sunan dai ya riga ya zauna.

Abin da ke faruwa shi ne, akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutirofil, su ne sojojin da ke fara isa duk inda jiki ya ji rauni. A wannan ciwon sai su taru a fata ba tare da abokin gaba ba, su yi ta zuba gubar da suke kashe ƙwayoyin cuta da ita, su narkar da naman mai su. Shi ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi masa komai. Shi ya sa kuma wuƙa ke ƙara masa ƙarfi, domin kowane sabon rauni kira ne ga ƙarin sojoji. Mu Hausawa muna da kalmar da ta fi ta littafi dacewa: fami. Gyambon yau da kullum kankarewa tana taimakonsa, a cire mataccen nama sabo ya tsiro. Wannan kuwa kankarewa fami ce.

Ba ciwo ne mai yawa ba, ƙiyasin da aka saba kawowa mutum 3 zuwa 10 ne cikin miliyan a shekara. Likita zai iya shekaru yana aiki bai gamu da shi ba, saboda haka ban ga laifin wanda ya fara ɗaukarsa a gyambo mai ƙwayar cuta ba, ko ni da shi zan fara. Shawarata: kafin Litinin ki roƙi likitan da ke duba ta, cikin ladabi, ya haɗa ku da likitan fata kafin a sake yanka. Ki nuna masa na hannun, wataƙila bai ma lura da shi ba.

Ummu_Hanan:
Innalillahi. Likita na gode, Allah ya saka da alheri. To ina koronar ta shigo?

Likita_AB:
Fata tana cikin wuraren da korona ke taɓawa, an lura da haka tun farkon annobar. A watan Maris na 2020 wani likita a garin Lecco na Italiya ya duba majinyata 88, ya samu 18 da alama a fata. Wata ɗaya bayan haka likitocin Sifaniya suka tattara mutum 375 suka kasa abin da suka gani gida biyar, daga ƙuraje da borin jini har zuwa kumburin yatsun ƙafa da aka riƙa gani a jikin yara da matasa. Mafi muni a ciki shi ne na tsofaffi masu jin jiki sosai, inda jini ke daskarewa a ƙananan jijiyoyi fata ta yi baƙi ta mutu. Wannan ma hanya ce ta samun gyambo, kuma maganinsa daban.

Shi PG ɗin, an wallafa rahotannin mutane ɗaiɗaiku da ya fito musu kwanaki ko makonni bayan korona. Hankali zai ɗauka, domin korona mai tsanani tana birkita garkuwar jiki, sinadaran kumburi su hauhawa, kuma waɗannan niyutirofil ɗin suna cikin masu ɓarna a huhu. Sai dai rahoton mutum ɗaya-ɗaya yana nuna abu biyu sun biyo juna ne, bai kai hujjar cewa ɗaya ya haifi ɗaya ba. Miliyoyin mutane sun yi korona ba su ga ko ƙurji ba.

Alhaji_Na_Kwari:
To ka ga ni ma abin da na faɗa ke nan, Likita. Ba a tabbatar ba.

Sista_Rabi:
A'a Alhaji, kai cewa ka yi a samu mai wanke ciwo da ya iya hannunsa, Likita kuma cewa ya yi a dakata da wuƙar. Da nisa tsakaninsu.

Gaskiya_Ɗaci:
Ba wanda zai tambaya ko an yi mata rigakafin korona? Saudiyya sai da ta tilasta wa masu Umara. Tun da aka fara allurar nan cututtukan da ba mu taɓa ji ba suke fitowa.

Ummu_Hanan:
An yi mata, amma tun 2021, shekaru ke nan.

Likita_AB:
Ba zan ɓoye ba, akwai 'yan rahotanni na PG bayan rigakafi, kamar yadda akwai bayan tiyatar haihuwa, da cizon ƙwaro, da allurar ƙarin ruwa irin ta Hajiya. Duk abin da ya huda fata ko ya zaburar da garkuwa zai iya tayar da shi ga wanda jikinsa ke da wannan hali. Amma ciwon da aka sa wa suna a 1930 ba za a ce allurar da ta iso Najeriya a watan Maris na 2021 ce ta ƙirƙiro shi ba. Kuma tazarar shekaru tsakanin allurarta da ƙurjin ta yi yawa.

Sikila_Jaruma:
Ni dai zugin da kika ambata ne ya sa ni hawaye. Ina da sikila, shekara biyu na yi da gyambo a idon sawu. Namu jini ne ba ya gudu yadda ya kamata a wurin, ba irin na Hajiya ba ne, amma daren iri ɗaya ne. Abin da na koya da wahala: ku nemi a ba ta maganin zafi kamar rabin awa kafin wanke ciwo, kar a jira sai ta fara kuka. Kuma bandejin da ya manne kar a fizge, a jiƙa shi da ruwan gishirin asibiti har ya saki da kansa. Wani mai wanke ciwo da na samu a farko fizgewa yake yi yana ce mini in daure, duk sabon naman da ya tsiro a sati sai ya tafi da shi a minti ɗaya. Sai da na canza wuri aka sa mini irin gozin nan mai maiƙo da ba ya kamawa.

Maman_Walida:
To zumar fa? Ba wanda ya ce komai.

Sista_Rabi:
Maman Walida, zuma tana da gurbinta, har asibiti ana amfani da wadda aka tace a kan wasu raunuka. Idan abin da Likita yake zargi ne, wutar daga ciki take ci, zuma ba za ta kashe ta ba. Bagaruwa da toka da garin kafso da ake fasawa a barbaɗa kam don Allah a bari. Haka haidurojin mai kumfar nan, yana ƙona sabon nama.

Zongo_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Da na ji an ce ciwo ya yi rami ƙarƙashin fata, Buruli ne ya faɗo mini. A nan Gana muna da shi sosai a ƙauyukan da ke kusa da ruwa, wajen Amansie. Ɗan ƙanena ya yi shi a hannu. Shi ma bakinsa rami yake yi ta ƙasa, amma bambancin, kusan ba ya zafi, yaron yana wasansa ciwon na ci. Ƙwayar cutar dangin ta tarin fuka ce, sati takwas ya yi yana shan magani biyu ya warke. Na faɗa ne don a sani gyambo iri-iri ne.

Likita_AB:
Madalla da wannan, Malam. Abin da ya sa na ce likitan fata ke nan. PG ba shi da gwajin jini guda da zai ce ga shi. Sai an kore sauran tukuna: ƙwayar cuta, tarin fuka na fata, Buruli ga wanda ya zauna inda ake yinsa, gyambon da ƙudan rairayi ke sawa, toshewar jijiya, har da kansar fata. Yawanci ana yankar ɗan ƙaramin nama a gefe a kai ɗakin gwaji. E, shi ma yankan zai iya zama fami, amma ɗan kaɗan ne kuma ya fi a yi magani a makance.

Kemis_Sabon_Titi:
Likita, ka faɗi sunan maganin mana, mutane su amfana.

Likita_AB:
Da gangan na yi shiru, amma tun da ka tambaya gara in faɗa da gargaɗinsa. Maganin da ke danne garkuwar jiki ake bayarwa, firednisolon ko saikulosforin. A Birtaniya an gwada su biyun a kan mutum sama da 100, aka fitar da sakamako a 2015: kusan kunnen doki suka yi, kuma a kowane ɓangare wajen rabin majinyatan ne suka warke cikin wata shida. Wato ko an dace da magani sai an yi haƙuri. Akwai allurai masu tsada na zamani, Japan ta amince da ɗaya daga cikinsu, adalimumab, don wannan ciwo a 2020.

Ga haɗarin. Idan gyambon na ƙwayar cuta ne ko na suga ka ba mutum firednisolon, ka kwance wa jiki makami, ƙafa za ta iya tafiya. Kafin a fara ana duba suga, hawan jini, tarin fuka, ciwon hanta. In an fara kuma ba a tsayar da shi farat ɗaya, a hankali ake ragewa.

Kemis_Sabon_Titi:
Gaskiya ne. Mu da ke kanti mun san yadda ake sayen deksa, 'yar'uwar firednisolon, kamar gyaɗa, 'yan mata suna sha don ƙiba, wai sha-ka-fashe. Lokacin korona da aka ji labari a rediyo cewa deksa tana ceton rai, har masu mura suka riƙa zuwa nema.

Habu_Injiniya:
Wannan labarin na watan Yunin 2020 ne, binciken da Jami'ar Oxford ta jagoranta. Waɗanda ke kan na'urar numfashi ne maganin ya rage mutuwarsu da kusan kashi ɗaya cikin uku, waɗanda ba sa buƙatar oksijin bai amfane su ba. Ina Indiya karatu a 2021 lokacin da aka yi ta bankawa mutane irin waɗannan magunguna, ga suga ta yi yawa a ƙasar. Sai ga wata cutar fumfuna da suka kira baƙar fumfuna, tana cin hanci da ido da dasashi, mutum sama da 40,000 ta kama. Na ga wanda aka cire wa ido. Garin neman gira ke nan. Duk wanda ya karanta bayanin Likita ya tafi kemis da kansa, shi ya jiyo.

Inna_Ta_Sakkwato:
Ku yi mini haƙuri in ɗan karkata. Alhaji ya ce ina ruwan tari da gyambo. Alhaji, mu nan ƙyanda ta koya mana wannan tun kafin a haifi korona. Ƙyanda ai ta iska ake ɗauka, da tari da mura take farawa. Yaro ya tashi daga ita jiki ba ƙarfi, ga yunwa, sai ɗan miki ya fito a dasashi, cikin 'yan kwanaki ya huda kunci. Noma ke nan, wasu na ce mata zaizayar baki. A garinmu akwai asibiti guda na yara masu ita tun 1999, kuma a watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, Najeriya ce ta jagoranci neman. Jikar maƙwabciyata ta yi, Allah ya sa an kai ta da wuri tun tana warin baki da kumburi.

Ɗan_Damagaram:
Inna ta yi gaskiya. Nan Zinder ma akwai cibiyar ƙungiyar Sentinelles da ke karɓar yaran noma. Lokotoro ya ce mana in an kama ta tun a dasashi magani kaɗan ya isa, in an bari mafi yawan yaran ba sa rayuwa.

Likita_AB:
Inna, misalinki ya yi kyau, sai dai a lura hanyoyin biyu kishiyoyin juna ne. A noma ƙyanda da yunwa sun kwantar da garkuwa, ƙwayoyin cutar baki suka samu sarari, don haka maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki ne ke ceto. A PG garkuwar ce ta yi yawa ta rasa linzami. Maganin PG guba ne ga mai noma.

Malama_Zulai:
Ni abin ya ɗaure mini kai. Da ana ce wa korona mashaƙo a rediyo, kuma da aka yi annobar mashaƙo a Kano a 2023 na ji an ce tana sa gyambo. Ba ita ce ta kama Hajiya ba?

Sista_Rabi:
Sunan ne ya haɗu, Malama. Ta 2023 diftariya ce, bakteriya ke kawo ta, tana yin farar yana a maƙogwaro, kuma gaskiya ne wani lokaci tana yin miki a fata. Korona kuwa bairos ce. Gwajin ruwan ciwon da za a yi shi zai raba gardama.

Ɗan_Malam77:
Duk da haka a riƙa tofa mata Fatiha da Falaƙi da Nasi. Ban ce a bar asibiti ba.

Hajiya_Turai:
Yanzu ka yi magana.

Ummu_Hanan:
Salam 'yan uwa, ku gafarce ni kwana shida shiru. Ranar Litinin yayanmu ya je da hotunan ciwon da nake ɗauka duk sati, ya nuna wa likitan yadda yake kafin kankarewa da bayanta, ya kuma nuna masa na hannun. Na ji tsoron zai ji haushi, amma bawan Allah ya daɗe yana kallon hotunan, ya ce a fasa tiyatar, ya rubuta mana takarda zuwa asibitin koyarwa. Layin likitan fata ba a magana, sai ranar Alhamis muka samu gani. Likitar ta yanki ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa biyu, ta ɗebi ruwan ciwon, aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙirji. Ta ce ita ma PG take zargi amma ba za ta fara maganin sha ba sai sakamako ya fito, ta ba mu na shafawa da na zafi, ta hana kowa gurzar wurin.

Abin da ya ba ni mamaki, ta fi minti goma tana tambayar Hajiya game da bayan gida. Ashe shekara kusan shida tana fama da gudawa mai jini da majina da ke zuwa tana tafiya, ita ta ɗauka basir ne, jiƙo take sha ba ta taɓa gaya mana ba. Likitar ta ce sai an leƙa hanjin da na'ura.

Likita_AB:
Alhamdu lillahi, kun faɗa hannu mai kyau. Tambayar ba ta banza ba ce. Kusan rabin masu PG suna da wani ciwo a ɓoye, kuma kan gaba akwai kumburin hanji mai daɗewa, sai amosanin gaɓɓai, sai wasu cututtukan jini. Idan aka samu kumburin hanji a jikin Hajiya, zai yiwu shi ne tushen, korona da bugun ƙarfen gado suka zo suka tayar da abin da ke kwance. Ku ci gaba da ɗaukar hoton nan, ku riƙa ajiye murfin kwalba ko tsinken ashana a gefe don a ga girman.

Alhaji_Na_Kwari:
Ashe dai ba koronar ba ce! Na faɗa tun farko.

Habu_Injiniya:
Alhaji, shekara shida tana da ciwon cikin ba gyambo, sati uku bayan korona ya fito. Ni ban wanke ta ba tukuna.

Gaskiya_Ɗaci:
Ni ma ban wanke allurar ba.

Sikila_Jaruma:
Anti Ummu Hanan, ya barcin nata yanzu? Kuma ki shirya mata zancen tabo tun da wuri, nawa har yau ba na sa takalmi mai buɗaɗɗen baya.

Ummu_Hanan:
Jiya ta samu awa huɗu a jere, rabonta da haka tun bayan Sallah. Likitar ma ta faɗa mata tabon zai yi ramuka-ramuka kamar rariya, Hajiya ta ce ita dai ta samu ta yi sujada ba a kan kujera ba. Sakamakon naman sai nan da sati biyu. Sista Rabi, gozin nan mai maiƙo ya yi tsada a unguwarmu, kuma kullum sai an canza. Akwai inda ake samunsa da kwali?

Sista_Rabi:
Ki duba manyan shagunan da ke sayar wa asibitoci kaya, kwali ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ki tambayi likitar ko za a iya barinsa kwana biyu idan ruwan ya ragu. Zan yi miki magana ta akwati.

Baban_Sadik:
Likita AB, don Allah kafin ka sauka. Ƙanina direban tirela ne, yana da wani miki a saman idon sawu wata bakwai, shi ba ya zafi sosai amma ƙafar kumbura take yi da yamma, fatar wurin ta yi baƙi. Bai yi korona ba. Shi ma kar a kankare?